Shikinya Gonzaga: Matar Da Ta Nema Wa Makaɗan Birazil Haƙƙinsu

 A wannan mako filin namu zai ƙetare teku ya sauka a ƙasar Birazil. Na san da an ambaci Birazil abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ƙwallon ƙafa da Pele, to amma yau labarin kiɗa za mu yi, da na wata mata wadda ta shekara kusan 60 tana cin abinci da shi a zamanin da ake ganin haka abin kunya ne ga 'yar mutunci.

Bari in fara da wata liyafa. Ran 26 ga watan Oktoba na shekarar 1914 aka tara manyan ƙasa da jakadu a Fadar Katete da ke birnin Riyo, wanda a lokacin shi ne hedkwatar Birazil, ba a gina Birasiliya ba tukuna. Shugaban Ƙasa Hermes da Fonseca yana gab da sauka daga mulki. Ana cikin shagali sai matarsa, Nair de Teffé, ta ɗauki gita ta kaɗa wa baƙi wani kiɗa da ake kira Corta-Jaca. A wurin mutanen wancan zamani laifi biyu ta yi a lokaci guda. Ita gita kayan kiɗan 'yan iska da masu yawon dare ce a ganinsu, shi kuwa kiɗan na rawar mashishi ne, watau wata rawa ta unguwannin talakawa da 'yantattun bayi, wadda namiji da mace kan rungumi juna suna juyi. Ba a daɗe ba sai Sanata Rui Barbosa, mashahurin lauya kuma gwanin magana, ya miƙe a Majalisar Dattijai ya yi kaca-kaca da abin. Ya ce an ɗauko mafi ƙasƙancin raye-rayen marasa wayewa an shigar da ita fada, an yi mata karramawar da ta cancanci kiɗan manyan Turai irin su Wagner. Da walakin dai, goro a miya, don kuwa shi wannan Rui Barbosa shi ne Hermes ya kayar a zaɓen 1910. Amma ko da an cire siyasa, abin da ya faɗa shi ne ra'ayin masu faɗa a ji da yawa.

Wadda ta tsara wannan kiɗa tana nan da ranta a birnin, tsohuwa mai shekara 67. Sunanta na yanka Francisca Edwiges Neves Gonzaga, amma duniya ta san ta da Chiquinha, wanda a bakinsu ake faɗinsa Shikinya, kuma haka za mu riƙa kiranta.

An haife ta a Riyo ran 17 ga Oktoba 1847. Ubanta José Basileu hafsan soja ne daga gidan da ake ji da shi, uwarta Rosa kuwa 'yar baiwa ce, mai jinin Afirka. Sa'ad da aka haifi yarinyar iyayen ba su yi aure ba, sai daga baya uban ya auri Rosa duk da ƙin da danginsa su ka yi. A nan ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da muke magana. Birazil ita ce ta fi kowace ƙasa karɓar bayi daga Afirka, fiye da mutum miliyan 4, kuma ita ce ta ƙarshe da ta soke bauta a nahiyar Amurka. Har da Hausawa a cikin waɗanda aka kai, musamman a jihar Bahiya, inda su ka shirya tawaye a 1807, sa'an nan su ka shiga cikin babban boren Musulmi na 1835 tare da 'yan'uwansu Yarabawa. To a ƙasa irin wannan, mutum mai 'ya wadda kakarta baiwa ce ba shi da burin da ya wuce ya ga ta zama uwargida a gidan masu hali, yadda za a manta da asalin. Saboda haka José Basileu ya samo mata malamai, aka koya mata karatu da rubutu da lissafi da harsuna, aka kuma koya mata fiyano, domin a wancan lokaci kaɗa fiyano a falo ado ne ga 'yar babban gida, kamar ɗinki da saƙa. Tana da shekara 11 ta tsara waƙarta ta farko, ta bikin Kirsimati.

A 1863, tana da shekara 16, uban ya aurar da ita ga Jacinto Ribeiro do Amaral, wani mai dukiya da ke harkar jiragen ruwa. Cikin kayan ɗakinta har da fiyano. Nan fa rigima ta samo asali, don mijin ya ɗauki fiyanon nan tamkar abokin hamayya. Da yaƙin Birazil da Faragwai ya yi zafi, gwamnati ta yi hayar jirginsa don jigilar soja, shi kuwa ya tilasta mata binsa a 1866 don ya raba ta da kiɗa. A cikin jirgin ta ga yadda ake wulakanta baƙaƙen fata waɗanda aka 'yanta don kawai a tura su bakin daga. Daga ƙarshe Jacinto ya ce ta zaɓa, ko shi ko kiɗa. Ta zaɓi kiɗa, ta fita daga gidan.

Kada mu yi saurin wuce wannan wuri, gama a nan ne ta biya farashin da ya fi kowane tsada. 'Ya'ya uku ta haifa wa Jacinto, amma babban kaɗai, João Gualberto, ta samu ta tafi da shi. Ƙaramin, Hilário, aka ba wata gwaggonsa. Macen, Maria, kakanninta na wajen uwa su ka riƙe ta, ta girma ana gaya mata uwarta ta mutu. Haka kuwa uban ya yanke: ya ce shi 'yarsa ta mutu, kada a ƙara ambaton sunanta a gidansa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai sauko daga wannan magana ba. Bayan haka ta zauna da wani injiniya, João Batista de Carvalho, su ka sami 'ya mace mai suna Alice, wannan zama ma ya watse, ta bar yarinyar a hannun ubanta. A 1877 kotun coci ta raba ta da Jacinto, rabuwar da ba ta ba mace damar sake aure, tun da ya ke sai a 1977, bayan shekara 100 cif, dokar Birazil ta yarda da saki.

Ni dai ba zan ce duk abin da ta yi daidai ne ba. Yara huɗu, uku sun tashi ba uwa, kuma ba su ne su ka zaɓi fiyano ba. Amma in za a yi adalci sai a tambayi uban da ya aurar da yarinya ga wanda ba ta so, ya kuma haɗa mata da abin da zai raba auren, sa'an nan da auren ya mutu ya ce ita ce gawar. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Ga ta nan ke nan a Riyo, ba miji, ba dangi, ga ɗa a hannu. Ta shiga koyar da yara fiyano da sauran darussa gida gida. Wanda ya buɗe mata ƙofar sana'a shi ne Joaquim Callado, gwanin sarewa, wanda 'yan Birazil ke kira uban kiɗan shoro. Shi shoro asalinsa salon kaɗawa ne. Makaɗan Riyo, galibinsu ƙananan ma'aikatan gidan waya da na kwastan da sojan badujala, su kan ɗauki kiɗe-kiɗen rawa da aka kawo daga Turai, irin su folka da wals, su kaɗa su da sarewa da gita biyu da wata 'yar ƙaramar gita mai tsirkiya huɗu, amma sai su karya musu tafiya da irin taushin kiɗan lundu da bayi su ka zo da tushensa daga Afirka. Abin da ya fito daga wannan gauraye ya zama na Riyo kaɗai. Callado ya sa Shikinya cikin ƙungiyarsa tana kaɗa fiyano a gidajen biki, ta kwana tana aiki a tsakanin maza, a biya ta kamar kowa. Ita ce mace ta farko da aka sani ta yi wannan sana'a a can.

Sai mu tuna a lokacin ba rediyo, ba garmaho. Hanyar da kiɗa ke yaɗuwa ita ce takarda. Turawa suna da rubutun kiɗa, watau alamomin da ake jerawa a kan layuka biyar, wanda ya iya karanta su zai kaɗa abin da bai taɓa ji ba. Masu ɗab'i su kan sayi kiɗa daga hannun mai shi, su buga, yara su bi titi suna talla, a saya a kai wa 'yan matan gida su kaɗa a falo. A 1877 aka buga wata folka tata mai suna Atraente, kafin shekara ta ƙare an sake buga ta har sau 15. Suna ya fita, amma tare da shi zagi ya fito. Mutanen da 'ya'yansu ke kaɗa Atraente da yamma su ne ke yi da mai ita da safe, har 'yan gari su ka riƙa yi mata waƙar habaici a titi. Wannan hali shi ya bi ta har tsufa, a so kiɗan a raina makaɗin.

Da ta ga kuɗin takarda ba ya riƙe gida, sai ta nufi gidajen wasan kwaikwayo, inda ake yin wasanni masu waƙa da rawa, gama nan ne kasuwar ta ke. A 1883 aka ƙi karɓar aikinta don kawai mace ce. A watan Janairu na 1885 aka nuna wasan A Corte na Roça da kiɗanta, kuma a wannan shekara ta tsaya gaban ƙungiyar makaɗa da sanda a hannu tana ba da umurni, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba a Birazil. Har 'yan jarida su ka rasa yadda za su kira ta, don kalmar da ake kiran shugaban makaɗa da ita a harshen Fotugis ta namiji ce, ba a taɓa bukatar ta mace ba. Kafin ta rasu ta yi wa wasanni 77 kiɗa. Shi kansa Corta-Jaca daga wani wasa na 1895 ya fito, kuma sunansa na ainihi Gaúcho. A kan takardar an rubuta cewa tango ne, domin in aka rubuta mashishi ba uban da zai bari a shigo masa da ita gida. Dabarar da ita da takwaranta Ernesto Nazareth su ka riƙa yi ke nan.

Duk da wannan fama ba ta manta da dangin uwarta ba. Ta shiga ƙungiyar masu neman a soke bauta, ta riƙa bin gidaje tana sayar da takardun kiɗanta don tara kuɗi, da su ne aka fanshi wani bawa mai busa sarewa wanda ake kira José Flauta. Ran 13 ga Mayu 1888 Gimbiya Isabel ta sa hannu a dokar da ta kawo ƙarshen bauta. Shekara guda da rabi bayan haka aka tuɓe Sarki Pedro na 2 aka kafa jamhuriya, ita ma wannan Shikinya tana cikin masu goyon baya.

Akwai wata waƙa tata wadda ko ɗan yaro a Birazil ya sani har gobe. Bikin Kanibal shi ne babban shagalin ƙasar, ana yin sa kwanaki kaɗan kafin azumin Kirista, jama'a su fito titi ƙungiya ƙungiya cikin shigar ban mamaki. Mazauna Ikko sun san ɗanɗanonsa, domin wasan Fanti da ake yi a tsibirin, Agudawa ne su ka zo da shi, watau 'yantattun bayin da su ka komo daga Birazil. A 1899 Shikinya tana zaune a unguwar Andaraí, kusa da inda wata ƙungiyar baƙaƙen fata mai suna Rosa de Ouro ke gwajin fitarta. Ta saurari yadda su ke taku da ganguna, ta tsara musu waƙar tafiya daidai da takun nasu, ta sa mata suna Ó Abre Alas, ma'ana a ba da hanya. Masana sun ɗauke ta a kan ita ce waƙar maci ta farko da aka tsara musamman domin Kanibal. Kafin nan ƙungiyoyin da abin da su ka samu su ke fita.

A cikin wannan shekara ce kuma ta haɗu da wani saurayi ɗan Fotugal, João Batista Lage, shi yana da shekara 16 ita tana da 52. Ta riƙa gabatar da shi ga mutane da sunan ɗan riƙonta, alhali zaman miji da mata su ka yi har ƙarshen ranta. Wannan al'amari ba abin yabo ba ne a ko'ina, ita ma ta sani, shi ya sa ta ɓoye. Na ambace shi ne don shi mutumin ne ya adana takardunta bayan ba ta, waɗanda Edinha Diniz ta yi amfani da su ta rubuta tarihinta a 1984.

Yanzu mun zo kan abin da ya sa na ɗauko labarin. Tsakanin 1902 da 1910 ta yi tafiye-tafiye zuwa Turai, har ta zauna 'yan shekaru a Lisbon tana yi wa gidajen wasa aiki. A wata tafiya ta shiga wani kanti a birnin Balin na Jamus, sai ga kiɗe-kiɗenta an buga ana sayarwa, ba wanda ya nemi izninta, ba wanda ya aiko mata ko anini. Da ta bi sawu sai ta tarar wani babban ɗan kasuwar faifai ne na Riyo ya ba da su. Ta komo ta tsare shi sai da ya biya. To amma ita Shikinya mai suna ce, mai baki kuma. Ina ga ƙaramin makaɗin da ya sayar da waƙarsa a kan kuɗin abincin dare ɗaya, ya wayi gari yana jin ta a garmahon attajirai?

Yadda abin ya ke a lokacin, mai waƙa ya kan sayar da aikinsa sau ɗaya tak, shi ke nan ya rabu da shi. Ko a buga sau ɗari, ko a nuna wasan shekara biyar, ba ruwansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin ya fito fili a kan wasan Forrobodó na 1912, wanda Luiz Peixoto da Carlos Bettencourt su ka rubuta ita kuwa ta yi kiɗan. Labarin wata rawa ce a unguwar talakawa ta Cidade Nova, 'yan wasan suna magana da irin harshen mutanen unguwar. Masu gidan wasan ba su zaci zai yi kasuwa ba, sai ga shi an nuna shi sau 1,500. Daga cikinsa ne aka samu waƙar Lua Branca, wadda har yanzu ake rerawa. Aljihun kamfani ya cika, marubuta da mai kiɗa kuwa abin da su ka samu bai taka kara ya karya ba.

A 1913 ta fito a jarida ta yi kuka da wannan zalunci, ta kuma yi ta faɗa ba ta gaji ba. Ba wai babu doka ba ce. Tun 1898 Birazil ta ke da dokar haƙƙin marubuta, kuma kundin dokokin zaman jama'a na 1916 ya ƙara ƙarfafa ta. Abin da babu shi ne mai bin kuɗin. Makaɗi guda ba zai iya tsayawa a ƙofar kowane gidan wasa daga Riyo zuwa Sao Paulo zuwa Bahiya yana ƙidaya tikiti ba, in kuwa ya matsa wa mai gida, gobe a ba wani aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ita da marubuta irin su Viriato Corrêa da Raul Pederneiras su ka haɗa kai, a watan Satumba na 1917 aka kafa ƙungiyar marubutan wasan kwaikwayo ta Birazil, wadda aka fi sani da SBAT, aka ba ɗan jarida João do Rio shugabanci. Ita kaɗai ce mace a cikin waɗanda su ka kafa ta. Aikin ƙungiyar a bayyane ya ke: duk gidan da zai nuna wasan ɗan ƙungiya sai ya nemi izni, kuma a kowane dare wakilinta zai karɓi wani kaso daga kuɗin ƙofa, a rubuta, a kai wa mai shi. Ita ce ƙungiya ta farko irinta a ƙasar.

A ganina wannan ya fi Ó Abre Alas nauyi a ma'auni, ko da ya ke ba wanda zai yi rawa da shi. Tana da shekara kusan 70 a lokacin, ta riga ta yi suna, da ta ga dama sai ta nemi nata ita kaɗai kamar yadda ta yi da mutumin faifai, ta yi shiru. Ina kuma ganin zagin da aka yi a Majalisar Dattijai a 1914 da rowar masu gidajen wasa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wanda ya yarda cewa kiɗan talakawa ba fasaha ba ce, hayaniya ce kawai da ke tashi daga titi, ba zai ga dalilin biyan kowa ba, don hayaniya ba ta da mai ita. Da zarar an rubuta sunan mutum a littafin ƙungiya an ce ga kasonsa na daren jiya, to an amsa ke nan cewa wani ne ya zauna ya yi aikin.

Ba ta daina aiki ba sai da ƙarfi ya ƙare. Wasanta na ƙarshe, Maria, a 1933 aka nuna shi, tana da shekara 85. A 'yan shekarun nan tana zaune ne a wani bene kusa da dandalin Tiradentes, inda gidajen wasa su ke, kuma ta kan leƙa ofishin ƙungiyar a kai a kai ta ga yadda lissafi ke tafiya. Ta rasu ran Alhamis 28 ga Fabrairu 1935, tana da shekara 87, saura kwana biyu a fara Kanibal ɗin wannan shekara.

A 1999 gidan talabijin na Globo ya yi wasan kwaikwayo mai dogon zango a kan rayuwarta, a 2012 kuwa Shugaba Dilma Rousseff ta sa hannu a dokar da ta mai da ranar haihuwarta, 17 ga Oktoba, ranar kiɗan jama'a ta ƙasar Birazil. Dokar ƙasar tana kare haƙƙin mai fasaha ne har shekara 70 bayan mutuwarsa, saboda haka tun farkon 2006 kiɗe-kiɗen Shikinya sun zama na kowa. A 2011 wasu makaɗan fiyano biyu su ka tattara takardunta fiye da 300 su ka sa a intanet, duk mai so ya ɗauka kyauta.